Kun Tambaya, Mun Amsa: Ta Yaya Za a San Yaro Mai Buƙata ta Musamman Yana Ci Gaba a Makaranta?

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu guda suka haɗu, wato yadda ake bin sawun karatun yara masu buƙata ta musamman. Yawancinsu daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka zo, ƙasar da hukumomin ilimi na gundumomi sama da 13,000 ke tafiyar da makarantun gwamnati, kuma doka ta ɗora wa kowacce nauyin nuna inda yaro ya kai. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji uku a wata makarantar gwamnati, karatu yana ba shi wahala, har an yi masa takardar nan da suke kira IEP, wato tsarin karatu na musamman da ake rubuta wa yaro shi kaɗai. Shekara biyu ke nan, duk rahoton da aka aiko magana ɗaya ce: "yana samun ci gaba." Ni kuwa a gida ban ga canji ba. Ina da ikon neman ƙarin bayani, ko haƙuri zan yi? — Wata uwa, Amurka

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da iko, kuma kada ki jira ƙarshen shekara.

Dokar da ke kare ɗanki sunanta IDEA. An kafa ta a 1975 da wani suna, aka ba ta wannan sunan a 1990, aka yi mata babban garambawul na ƙarshe a 2004. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 yara kusan miliyan 7.5 ne ke ƙarƙashinta, wato kashi 15 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati. Ta wajabta abubuwa uku a cikin IEP waɗanda suka shafi tambayarki: burin shekara wanda za a iya aunawa, bayanin yadda za a auna shi, da lokutan da za a riƙa sanar da iyaye, galibi tare da katin sakamako.

A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara wa wannan ƙarfi a shari'ar Endrew F. da hukumar makarantun gundumar Douglas ta jihar Kolorado. Yaron yana da lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, iyayensa suka koka cewa kusan buri iri ɗaya ake kwafowa shekara bayan shekara. Alƙalan duka suka haɗu a kan cewa ɗan motsi kaɗan bai wadatar ba, dole shirin ya kasance wanda zai sa yaro ya ci gaba daidai da yanayinsa.

Ki tuna katin awon jarirai na asibiti. Ma'aikaciyar jinya ba ta duban jariri ta ce "yana girma" ta sallame ki. Ɗora shi take a sikeli, ta ɗiga ɗigo a kati, wata mai zuwa ta ƙara wani, har layi ya fito. Irin wannan katin za ki nema. Ki rubuta wa malamar da ke riƙe da fayil ɗinsa ta imel, don ranar ta zauna a rubuce, ki nemi lambar da ya fara da ita, lambar da ake so ya kai, da duk lambobin da aka samu a tsakani tare da ranakunsu. Doka ta ba makaranta iyakar kwana 45 ta nuna miki takardunsa. In babu lambobin, ki nemi a kira taron IEP. Ba sai shekara ta zagayo ba, kuma in sun ƙi, sai sun ba ki dalili a rubuce. Tafinta ma haƙƙinki ne, kyauta, kada ki yarda a mayar da babban ɗanki tafinta.

A wurin taron ki duba yadda aka rubuta burin. "Zai inganta karatunsa da kashi 80 cikin 100" ba ya aunuwa, don ba a faɗi kashi 80 na mene ne ba. Wanda ke aunuwa shi ne irin wannan: "Nan da mako 30, in aka ba shi labarin matakin aji biyu da bai taɓa gani ba, zai karanta kalma 86 daidai a minti ɗaya, sau uku a jere."

TAMBAYA: Sabuwar mataimakiyar malama ce ni a ajin masu buƙata ta musamman. An ce in riƙa gwada karatun yara kowane mako, amma ba wanda ya zauna ya koya mini. Yaya ake yi? — Wata 'yar'uwa, Amurka

AMSA: Malama, hanyar ta samo asali ne daga aikin Stanley Deno da abokan aikinsa a Jami'ar Minesota, daga ƙarshen shekarun 1970. Yawancin kayan gwajin da gundumomi ke amfani da su, irin su DIBELS da easyCBM da aimsweb, a kanta aka gina su. Gwajin gajere ne da gangan, don a iya maimaita shi sau da yawa.

Kina buƙatar kwafi biyu na labari ɗaya, na yaro ba lamba, naki da lissafin kalmomi a ƙarshen kowane layi, sai agogon waya da fensir. Ki ce ya fara, ki danna agogo da kalmar farko. Kalmar da ya faɗa ba daidai ba, ko ya tsallake, ko ya sauya da wata, ki ja mata layi. In ya tsaya a kan kalma sakan uku, ki faɗa masa ita, ki lissafa ta kuskure, ya wuce. In ya gyara da kansa cikin sakan uku, daidai ce. Maimaita kalma ko ƙaro wadda ba ta cikin rubutun ba a lissafa su kuskure. Minti na cika ki sa alama inda ya tsaya, ki debe kurakurai daga jimilla. Ya karanta 47 da kuskure 6, lambarsa 41.

Kafin a fara awon mako-mako sai an san mafari. A ba shi labari uku daban-daban, a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiya. In ya samu 38 da 52 da 41, mafarinsa 41. Ba a haɗa su a raba uku, domin wancan 52 ɗin wataƙila labarin ne ya zo masa da sauƙi, zai ja lambar sama a banza. Haka kuma matakin labarin ya dace da yaron. In yana kuskure fiye da ɗaya a kowace kalma goma, a sauko aji ɗaya, in ba haka ba lambar za ta kwanta a ƙasa ko da yana koyo.

Daga nan sai buri. Binciken da Lynn Fuchs da abokanta suka wallafa a 1993, wanda har yau ake kafa hujja da shi, ya nuna ƙarin da ake sa rai a mako: kalma 2 a aji ɗaya, 1.5 a aji biyu, 1 a aji uku, yana raguwa har ƙasa da rabin kalma a aji shida. Yaronmu mai 41 a matakin aji biyu, 1.5 sau mako 30 ya ba da 45, burinsa 86. A takarda mai gida-gida, makonni a kwance, yawan kalmomi a tsaye, ki ja layi daga 41 zuwa 86. Shi ne layin buri. Kowane mako ɗigo ɗaya.

Abin da ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi watsarwa, shi ne a yanke tun farko me za a yi da ɗigogin. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce: bayan an tara aƙalla ɗigo shida, a dubi huɗun ƙarshe. In duk suna ƙasan layi, a canja wani abu a koyarwa. In duk suna sama, a ɗaga buri. In suna hawa da sauka a jikin layin, a ci gaba yadda ake. Ba a sauke buri don layi ya yi kyau. Ranar da aka canja koyarwa a ja layi a tsaye a kan zanen, a rubuta abin da aka canja, kuma abu ɗaya tak a lokaci guda, don a san wanne ya yi aiki.

Inda aiki ke lalacewa sananne ne. Ba wa yaro labarin ya je gida ya haddace. Maimaita labari ɗaya har ya zauna masa a ka. Gwada shi yau da safe a ɗaki shiru, mako mai zuwa a baranda bayan cin abinci. Taimaka masa don tausayi, wanda shi ya fi kama mataimaka masu kirki. Wanda ya auna da mudu yau ya auna da tiya gobe, ba zai san ko hatsi ya ƙaru ba.

TAMBAYA: 'Yata ta samu 60 makon jiya, wannan makon 48. Baya take komawa? — Wani uba

AMSA: Malam, kwantar da hankalinka. Bambancin kalma goma ko fiye tsakanin labari da labari abu ne da aka saba gani, ko da an ce matakinsu ɗaya. Ƙara da mura, ko rashin barci, ko baƙuwar fuska wajen gwaji. Tunda ƙarin da ake nema a mako bai wuce kalma ɗaya ko biyu ba, wannan hawa da sauka yakan rufe shi na tsawon makonni. Shi ya sa wasu masu bincike suke ganin ɗigo shida ma ya yi kaɗan, gara a bar layin ya kai mako goma zuwa sha biyu kafin a yanke babban hukunci. Ka nemi zanen gaba ɗaya. In makonni huɗu a jere suka zo ƙasan layin buri, a nan ne za ka yi magana.

TAMBAYA: 'Yarmu shekararta tara, ba ta magana, ba ta karatu. Burin da aka rubuta mata na wanke hannu ne da rage bugun kanta. Wannan ma ana iya auna shi? — Wasu iyaye

AMSA: Allah Ya ƙara muku haƙuri da lada. Ana aunawa sosai, kuma a nan ne lamba ta fi amfani, domin ci gaban irin waɗannan yara a hankali yake zuwa, ido ba ya kama shi.

Wanke hannu a kasa shi mataki-mataki, a ce takwas: buɗe famfo, jiƙa hannu, ɗaukar sabulu, cuɗawa, ɗauraya, rufe famfo, ɗaukar tawul, gogewa. Kowane mataki a ba shi maki gwargwadon taimakon da ta buƙata: 3 in ta yi da kanta, 2 in sai da aka faɗa mata, 1 in sai da aka nuna, 0 in sai da aka kama hannunta. Cikakken maki 24. Sau ɗaya a mako, kafin darasin ranar, a kai ta bakin famfo, a jira sakan biyar a kowane mataki kafin a taimaka. Yarinyar da ta tashi daga 7 zuwa 13 har yanzu "ba ta iya wanke hannu ba" a idon mai wucewa, alhali ta kusan ninka abin da take yi. Takardar kuma tana nuna matakin da ya maƙale. Ku nemi kwafinta ku gwada a gida, don yaro yakan iya abu a famfon makaranta ya kasa a na gida.

Bugun kai kuwa, sai an fara fayyace abin da ake ƙirgawa. "Fushi" ba ya ƙirguwa, mutum biyu za su gan shi daban. "Dukan kai da tafin hannu ko dunƙule" yana ƙirguwa. Abin da ke da farko da ƙarshe a fili a ƙirga sau nawa, ɗan carbin nan na dannawa da ake sa wa a yatsa ya isa. Abin da ke ɗaukar lokaci, kamar kuka, a auna minti nawa. A riƙa duba ta a lokaci iri ɗaya, ko a raba da yawan sa'o'i, don sau 12 a yini guda da sau 12 a sa'a biyu ba ɗaya ba ne. A gefe a rubuta abin da ya faru kafin bugun da abin da ya biyo baya. In lambar ta yi tsalle sama ba dalili, a fara da likita: haƙori, kunne, ko taurin bayan gida. Yaron da ba ya magana da jikinsa yake faɗar ciwo.

TAMBAYA: An sa ni a kwamitin iyaye masu ba hukumar ilimi ta gundumarmu shawara. Ana maganar sayen sabuwar manhaja don gyara bin sawun yara. Me ya kamata in ce? — Wani ɗan'uwa, Amurka

AMSA: Alhaji, ka ce a jinkirta sayen har a duba fayil. A zaɓi IEP 30 ko 40 daga makarantu daban-daban, ba waɗanda shugabannin makarantu suka zaɓo ba, a cire sunaye, a yi wa kowanne tambaya huɗu: burin yana da lambar mafari? An faɗi da me za a auna? Ɗigo nawa aka tara a mako tara na ƙarshe? Inda layi ya kwanta, an canja wani abu? Sau da yawa tambaya ta huɗu ce ke tona asiri, ga lambobi jibge, ba wanda ya yi aiki da su. Manhaja ba ta maganin wannan.

Na biyu lokaci ne. Malama mai yara 25, in kowane gwaji da shigar da lamba ya ci minti huɗu, minti 100 ke nan a mako. In ba a ware shi a jadawali ba, sai ta tara su ranar Juma'ar da rahoto zai fita ta cike daga ka. Yara biyar a rana, minti 20, tare da mataimakan da aka horar, ya fi sauƙin ɗorewa. Horon kuma a gwada shi: a saka muryar yaro da aka naɗa, kowa ya yi maki shi kaɗai, wanda ya bambanta da saura da fiye da kalma biyu a sake koya masa. A maimaita bayan hutun tsakiyar shekara, don hannu yana saki.

Na uku, kayan awo su zama iri ɗaya a duk gundumar. Yaron da ya sauya makaranta a tsakiyar shekara ya tarar da wani gwaji daban, zanensa ya tsinke. Akwai cibiyar da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyi, wadda ake taƙaita sunanta da NCII, tana wallafa jadawalin da ke nuna ingancin kowane kayan gwaji a intanet kyauta, a duba shi kafin a saurari mai talla. Kuma a raba gwajin tantance dukkan ɗalibai da ake yi sau uku a shekara da awon mako-mako. Ɗigo uku a shekara ba ya gaya wa malama ta canja darasi a watan Nuwamba.

Na huɗu, a riƙa rubuta mintin da yaro ya samu a zahiri. An rubuta masa 150 a mako, amma tsakanin taro, rashin malamin canji da fashi, 60 yake samu. Layinsa zai kwanta, a ce shirin bai yi ba, alhali ba a ba shi ba. Don haka taron duba zane, wanda ya kamata a yi duk mako shida, ya bi wannan jeri: yana zuwa makaranta? Ya samu mintinsa? An koyar yadda aka tsara? Sai bayan nan a yi maganar rage yawan yara a rukuni, ƙara lokaci, ko sauya hanya.

A fom ɗin rahoto kuma a hana danna "yana samun ci gaba" sai an shigar da lamba. Gyaran minti kaɗan ne ga mai kula da kwamfuta. Sai abu ɗaya da za ka tsaya a kai da ƙarfi: kada a yi amfani da waɗannan lambobi wajen hukunta malamai. Ranar da aka fara haka, kowane layi zai miƙe sama, ba kuwa don yara sun koya ba.

TAMBAYA: An ce mu daina yi wa ɗanmu Hausa a gida don lambarsa ta tashi. Mu daina? — Wata uwa

AMSA: Kada ku daina, Hajiya. Jin harshe biyu ba ya jawo lalurar koyo, kuma hira mai daɗi da Hausar da kuka ƙware ta fi masa amfani a kan guntun Turanci. Dokar IDEA ma ta hana a ce yaro yana da lalura in ƙarancin Turanci ne asalin matsalar. Abin lura a awonsa shi ne yaro yana iya furta kalmomi da sauri bai san ma'anarsu ba, don haka ku nemi a haɗa da awon fahimta, kuma a kwatanta shi da yara masu koyon Turanci irinsa. Lafazin harshe ba a lissafa shi kuskure.

TAMBAYA: Ni malami ne a makarantar firamare ta gwamnati. Yara 90 gare ni, wasu ba sa ji sosai, wasu ba sa riƙe karatu. Ba IEP, ba kwamfuta. Akwai abin da zan ɗauka? — Wani malami, Kano

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, amma awon kowane yaro a hannun malami ya rage. Hanyar kuwa da fensir da takarda aka faro ta. An ma taɓa yin awon minti ɗaya da Hausa a Bauchi da Sakkwato, a gwajin karatun ƙananan azuzuwan firamare da ake kira EGRA, inda aka ƙirga sautin baƙaƙe da gaɓoɓi da kalmomi.

Lambobin da muka kawo a sama na Turanci ne, kada ka ɗora wa Hausa. Ka gwada yara biyar masu matsakaicin ƙoƙari a ajinka don ka san inda ake, sannan ka kwatanta kowane yaro da kansa. Wanda bai kai ga labari ba, ka rubuta masa gaɓoɓi 50 a kwali, ba, ƙi, tsu, gwa, sha, ka yi kwali huɗu masu jeri daban kana juya su. Ka yanke tun farko cewa b a madadin ɓ kuskure ne, haka k a madadin ƙ. Tunda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, yaron da ya karanta "garin tuwo" da lafazin garin zama bai bi ma'ana ba, ka ja layi.

Wanda ba ya ji, karatun baki ba zai nuna abin da ya sani ba. Ka bar jimlar farko ta labari yadda take, daga nan kowace kalma ta bakwai ka sa zaɓi uku ya zagaye daidai, minti uku, ka ƙirga. Wannan ma ana iya yi wa aji duka a zama ɗaya. Mai karatun rubutun makafi kuwa saurinsa bai kai na mai gani ba, da kansa kaɗai za a kwatanta shi.

Kada ka ɗauki 90. Ka fara da biyar da suka fi damunka, duk Alhamis lokacin tara, shafi ɗaya na littafin lissafi mai gida-gida ga kowane yaro. Ƙarshen zango ka nuna wa iyaye shafin, ƙarshen shekara kuma ka miƙa littafin ga hedimasta ya ba malamin ajin gaba.